Direban faifaina yana sandarewa, alhali intarof ɗin ya iso

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a agaza min, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ƙaramin kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, nake rubutawa na furojet ɗin ƙarshen shekara, a kan QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, nake gwada shi. Matsalar tana direban faifai, wato ɓangaren da ke magana da faifan, kuma na IDE ne, tsohon tsarin haɗa faifai. Ina tura umarnin karatu 0x20 a tashar 0x1F7, sai in duba wata tuta mai suna gama, in ba ta tashi ba in kwantar da furoses ɗin. Idan IRQ 14 ya shigo, wato intarof ɗin da faifai ke katse furosesa da shi ya ce ya gama, mai karɓarsa ya kwashe kalmomi 256 daga 0x1F0, ya ɗaga tutar, ya tashi mai jira. Yana aiki sumul har karatu dubu uku, wani lokacin dubu huɗu, sai kawai komai ya tsaya cak. Ba kuskure a allo, ba komai.

Nazifi: Wa alaikumus salam. Mutumina EOI ne, na rantse, saƙon da ke gaya wa PIC, na'urar da ke karɓar intarof, cewa ka gama da wannan. IRQ 14 a kan PIC na biyu yake. Sai ka aika 0x20 zuwa 0xA0, ka kuma aika zuwa 0x20. In ka gaya wa ɗaya ka bar ɗaya, shi ke nan an toshe maka layi.

Sadiq: Ina aika wa duka biyun. Kuma da shi ne ai tun a karatu na biyu zai tsaya, ba sai an kai dubu huɗu ba.

Nazifi: Haka ne fa. Na janye rantsuwar.

Injiniya Baffa: Kana karanta rajistar matsayi a cikin mai karɓar intarof ɗin? Ta 0x1F7 nake nufi, domin karanta ta ne ke sa faifan ya sauke hannunsa. Ta 0x3F6 abu ɗaya za ta nuna maka amma ba ta sauke komai. Sannan idan ya sandare kar ka kashe shi. Shiga monita ɗin QEMU ka buga info pic, ka kawo mana abin da irr (intarof masu jira) da isr (wanda ake kan aiki da shi) suka nuna. Ka kuma sa ƙidaya biyu, ɗaya ta umarnin da ka tura, ɗaya ta intarof ɗin da ya shigo.

Sadiq: To Injiniya, bari in yi.

Sadiq: Na dawo. irr sifili, isr sifili. Umarni 4312, intarof 4312. Na leƙa da gdb, tutar gama tana kan 1, bayanan sekta ɗin suna cikin bafa, gurbin memorin da na ware musu, daram, amma furoses ɗin yana barci. Abin da ya fi ɗaure min kai, da na sa printf kafin duba tutar don in ga abin da ke faruwa, sai matsalar ta ɓace. Na cire, ta dawo.

Nazifi: Aljanu ne 😂 Sa volatile a kan tutar.

Sadiq: Akwai shi tun farko.

Malam Habu: Ɗan nan, ka riga ka kama ɓarawonka, ba ka dai gane fuskarsa ba ne. Faifai ya yi aikinsa, intarof ya iso, tuta ta tashi. Mutum ɗaya ne bai samu labari ba. Rubuto min layukan da ke tsakanin duba tutar da kiran mai rabon lokaci, daidai yadda suke.

Sadiq: Ga su Malam: idan gama sifili ce, sai in mayar da halin furoses ɗin BARCI, sai in kira schedule, mai rabon lokacin. Shi kuma mai tashi yana bin jerin furoses, wanda ya samu a BARCI yana jiran wannan bafa sai ya mayar da shi SHIRYE.

Malam Habu: Yauwa. To sa intarof ɗin a tsakanin layi na farko da na biyu. Ka duba tuta, ka ga sifili, ka yanke shawarar kwanciya. Kafin ka rubuta BARCI sai IRQ 14 ya faɗo. Mai karɓa ya kwashe bayanai, ya ɗaga tuta, ya bi jeri yana neman mai barci, bai samu kowa ba domin har lokacin idonka biyu. Ya tafi abinsa. Kai kuma ka ci gaba daga inda aka katse ka, ka rubuta BARCI bisa tsohon labari, ka kwanta.

Kamar a azumi ne ka farka ka duba agogo ka ga da saura, ka zaga bayan gida, mai gangar sahur ya zo ya buga a ƙofarku ya wuce, ka dawo ka ja bargo kana cewa ai zai tashe ni. Sai kiran assalatu.

volatile kuwa ba ruwansa a nan. Aikinsa ya hana kwamfaila riƙe darajar a rajista, ba ya hana a katse ka tsakanin umarni biyu. Shi kuma printf jinkiri ya ƙara maka, faifan ya gama kafin ka duba, shi ya sa ka ga kamar an warke.

Sadiq: Innalillahi. Kwana uku a kan layi biyu. Amma Malam me ya sa sai bayan dubbai?

Malam Habu: Tagar ƙarama ce, umarnin furosesa kaɗan ne a cikinta. Kuma faifanka a QEMU fayil ne kawai a kan kwamfutarka, galibi ma yana cikin memorin mai masaukin, amsa na dawowa nan take. A kan faifai mai juyawa na gaske za ka daɗe da kwanciya kafin amsa ta zo, sai kwaron ya ɓuya, ya jira ranar da za ka tsaya gaban malamanka.

Nazifi: Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Ya tura umarni ya tsaya yana leƙa BSY, alamar faifai na cikin aiki, har ta sauka. Ba barci, ba tashi, ba rige-rige. Furojet ne fa, ba sabar banki ba.

Injiniya Baffa: Nazifi yi lissafi. Faifai mai juyi 7200 a minti yana zagaye 120 a sakan, wato zagaye ɗaya milisakan 8.3. A matsakaici sai ka jira rabin zagaye kafin sektarka ta zo ƙarƙashin allura, milisakan 4 da ɗoriya, ban da tafiyar allurar kanta. Furosesa mai gigahaz 3 yana bugun miliyan 12 a cikin milisakan 4 ɗin nan. Duk ka ƙone su kana tambayar "an gama? an gama?" kamar yaro a bakin murhu. In haka ne me ya sa ya wahala ya rubuta mai rabon lokaci?

Rukayya: Injiniya a bar Nazifi ya sha iska, maganarsa ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A faifai mai juyawa ka yi gaskiya. Amma a NVMe, faifan zamani marar juyi, karatu ɗaya na iya dawowa cikin maikurosakan gommai. A nan kuɗin intarof ɗin kansa, da kwantar da zare da sake tashinsa, ya zama kaso mai tsoka na jiran. Shi ya sa Linux ta buɗe ƙofar leƙe. A io_uring, hanyar Linux ta tura buƙatu ba tare da tsayawa jira ba, akwai IORING_SETUP_IOPOLL, kuma ana iya ware wa direban nvme layukan da ba su da intarof sam, sai dai a riƙa leƙawa. SPDK na Intel, tarin kayan aikin direban faifai, shi ma ɗungurungum a kan leƙe aka gina shi, a sadaukar da ƙwaƙwalwar furosesa guda ba ta komai sai wannan.

Nazifi: Allah ya saka, Anti Rukayya. Kun ji ko?

Rukayya: Kar ka yi saurin murna, faifan Sadiq ba NVMe ba ne.

Malam Habu: Mu dawo kan mai matsala. Ɗan nan, tunda furosesa ɗaya kake gudu a kai, maganin kusa shi ne ka rufe intarof da cli kafin ka duba tutar, ka rubuta BARCI, ka shiga mai rabon lokaci, sai wanda aka miƙa wa ya buɗe. Intarof ɗin da ya zo a tsakani ba ya ɓata, PIC na riƙe da shi har a buɗe. Idan babu kowa a SHIRYE, ka yi sti (buɗe intarof) sannan hlt (tsayar da furosesa har intarof ya zo) a jere, kar ka sa komai a tsakaninsu. A x86 sti ba ta barin intarof ya shigo sai umarnin da ke binta ya gudana, don haka ba za a katse ka a wannan gaɓar ba. Kuma mayar da "idan" ɗinka ya koma "muddin". Wanda aka tasa ya sake duba tuta, in ba ta tashi ba ya koma ya kwanta.

Sadiq: Malam na yi. Karatu 200,000 ba tsayawa! Allah ya ƙara girma.

Malam Habu: Amin. Yanzu ƙara -smp 2 ka gani.

Sadiq: Ban kunna furosesa ta biyu ba tukuna, amma mai duba aikina ya ce in samu lokaci in yi.

Malam Habu: To ranar da ka kunna, cli ta daina isarka, domin furosesar da kake kai kaɗai take rufe wa kunne. Intarof sai ya sauka a ɗayar, rige-rigen ya dawo sabo. Je ka karanta yadda xv6 ta MIT, ƙaramin kanel na koyarwa, ta yi, lambobinta a buɗe suke kuma gajeru ne. Aikin sleep nasu yana karɓar abu biyu, abin da ake jira da makullin da ke tsare shi. Mai jira yana riƙe da makullin faifai lokacin da yake duba bafa. A cikin sleep sai ya kama makullin furoses tukuna, sannan ya saki na faifai, sannan ya kwanta. Mai tashi kuwa dole ya kama makullin furoses ɗin kafin ya taɓa halinsa. Babu wani lokaci da mai jira ya saki duka biyun alhali bai rubuta cewa ya kwanta ba.

Linux ta bi ta wata hanyar, wait_event na sa ka a layin jira ya canja halinka tukuna, sannan ya duba sharaɗi. In tashin ya zo a tsakani, halinka ya koma na mai gudu, schedule ba zai ajiye ka ba. Akwai kuma struct completion, da aka shigar tun 2.4.7, mai ƙidaya a ciki. In complete ya riga wait_for_completion zuwa, ƙidayar ta riƙe saƙon. Da shi submit_bio_wait ke jira har yau.

Zainab: Sallama. Ni ina gefe ina karatu tun ɗazu. Tambayata, shi mai karɓar intarof ɗin, nawa ne daga cikin aikin ya kamata ya yi da kansa? Na ga Sadiq a ciki yake kwashe bayanan duka.

Injiniya Baffa: Tambaya mai kyau ƙanwata. Bari in amsa ta ɓangaren da na fi sani, wato Windows, don shekaru na yi ina rubuta direba a can. Mai karɓa yana gudu ne a matakin da ya toshe intarof na ƙasa da shi, saboda haka abu uku kawai ake so ya yi: ya tabbatar na'urarsa ce ta yi kira, ya sa ta yi shiru, ya ajiye abin da ya karanta ya jera DPC, wato aikin da aka ɗage zuwa an jima. Sauran aikin sai DPC ya yi a DISPATCH_LEVEL, inda intarof na na'urori ke iya shigowa. Can ne ake kiran IoCompleteRequest, IRP ɗin, wato ƙunshin buƙatar, ya riƙa hawa yana bi ta kan kowane direba da ya sa hannu a kansa, kowa a kira aikin kammalawarsa. Microsoft na ba da shawarar kar DPC ya wuce maikurosakan 100. Wanda sautin kwamfutarsa ke kakkatsewa in ana kwafar babban fayil, sau da yawa wani direba ne ya yi zaune a nan.

Linux ma haka ne da wasu sunaye. Direba ya kira blk_mq_complete_request, ragowar na iya tafiya ta BLOCK_SOFTIRQ, a ƙarshe bio_endio ya kira bi_end_io na wanda ya tura. A duka wuraren nan ba a barci. Tsarin fayil da ke buƙatar yin aiki mai nauyi bayan kammalawa sai ya miƙa wa zaren ma'aikata.

Rukayya: Ƙari kaɗan. Har da tambayar a wace ƙwaƙwalwar furosesa za a kammala. Akwai fayil ɗin rq_affinity a ƙarƙashin /sys/block, cikin queue. In ka sa 2, dole a mayar da kammalawar kan ainihin wadda ta tura buƙatar, saboda kash ɗinta ne ke da ɗumin bayanan. NVMe ta rage wannan ciwon kan, domin da MSI-X kowane layi na iya samun intarof nasa a kan ƙwaƙwalwarsa. Dalilin rubuta blk-mq ke nan, tsarin layuka da yawa wanda ya shiga Linux 3.13 a 2014. Tsohon tsarin layi ɗaya ne da makulli ɗaya, kowa na turereniya a kai.

Injiniya Baffa: Shi dai Sadiq da PIO yake, wato furosesa ke kwashe bayanan da kanta, kalmomi 256 ne, ya bar su a mai karɓa ba laifi. xv6 ta x86 ma haka take yi.

Sadiq: Alhamdu lillahi, don na fara tunanin sake rubutu. Wata tambayar. Ina da umarnin kashe furoses. In an kashe wanda ke jiran faifai, yanzu ina kwashe memorinsa nan take. Akwai matsala?

Malam Habu: A ina bafa ɗin yake?

Sadiq: A kan sitak ɗinsa na kanel, memorin aikinsa da ake kwashewa tare da shi.

Malam Habu: Subhanallah. Wannan ta fi ta farko muni, don ta farko tsayawa take ka gan ta. Ka taɓa kai niƙa? Ka ajiye kwanonka a layi ka tafi. Daga lokacin har mai inji ya kira ka, kwanon nan ba ka da iko da shi. In ka fasa niƙan ka zo ka ɗauke kwano ba ka gaya masa ba, wata ta ajiye nata a gurbin, garin dawarka a cikin kwanonta zai sauka, ita kuma ta kai gida a matsayin gero. Ka kashe furoses, ka saki shafin, ka ba wani sabo. Faifai bai san an yi mutuwa ba. Intarof ya zo, mai karɓa ya zuba bayit 512 a kan sitak ɗin bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Sai ya faɗi can gaba a wani wuri da ba shi da alaƙa da faifai, ka kwana kana neman laifi a inda babu shi. In ka koma DMA abin ya fi haka, domin na'urar da kanta za ta rubuta, ko furosesa ba za ta sani ba.

Nazifi: Wato shi ya sa kill -9 ba ya cin wasu furoses? Na taɓa cire filas ana tsakar kwafa, cp ya zauna a D ya ƙi mutuwa.

Malam Habu: Shi ne. D barci ne da sigina ba ta katsewa. Kanel ba taurin kai yake ba, kwano ne ke wurin mai inji. In zaman ya kai sakan 120 za ka iya ganin ƙorafin hung task a dmesg. Daga 2.6.25 an ƙara TASK_KILLABLE don wuraren da za a iya fita lafiya in kisa ne, amma ba ko'ina ba. Kuma idan DMA za ta shiga memorin mai amfani kai tsaye, kamar da O_DIRECT, sai an kafe shafukan tukuna, ba a sakinsu sai kammalawa ta zo.

Kai dai mafi sauƙi, ka fitar da bafa daga sitak, ya zama na kanel ne a wani tafki daban. In an nemi kashe mai jira, sa masa alama kawai, ya mutu bayan ya farka.

Zainab: To in faifan ne ya mutu, kammalawar ba ta zo ba har abada fa?

Injiniya Baffa: Sai wa'adi. A Linux sakan 30 ne bisa al'ada ga faifan SCSI da SATA, haka ma NVMe. Amma cikar wa'adi ba ta ba ka izinin sakin bafa. Sai ka umarci na'urar ta soke, in ta ƙi ka sake tayar da ita gaba ɗaya, ka tabbatar ba za ta ƙara rubutu ba, sannan ka ce wa na sama an gaza. Kuma ga wani rige-rigen: wa'adi ya cika daidai lokacin da amsar gaskiya ta iso, hannu biyu na son kammala buƙata ɗaya. A Windows har suna aka yi wa shuɗin allon, MULTIPLE_IRP_COMPLETE_REQUESTS, lamba 0x44. Ni kaina na taɓa jawo shi a injin gwaji, sati guda ina zargin direban wasu, ashe hanyar sokewata ce ke kammala abin da DPC ya riga ya kammala. Dole a samu wuri ɗaya da ake canja halin buƙata da umarnin da ba ya rabuwa, wanda ya riga shi ne mai ita, na biyu ya juya.

Rukayya: Tunda an zo nan bari in jefa tawa, domin ita ta taɓa cin mutuncina. Kalmar "an kammala" ɗin nan, a rubutu, me take nufi? Faifai ya ce ya karɓa. Bai ce ya adana ba. Yawancinsu suna da kash nasu mai buƙatar wuta, su amsa maka tun bayanan na can.

A wani wurin da na yi aiki muna da manhajar karɓar kuɗi a kan ƙaramar saba. Wata rana da la'asar aka ɗauke wuta, batirin UPS ya riga ya mutu ba wanda ya lura, kafin mai gadi ya tayar da janareta saba ta faɗi. Da ta tashi, rasit goma sha wani abu da muka riga muka buga wa mutane babu su a ciki. Mutum na tsaye da takarda a hannu, allo na cewa bai biya ba. Da na bi diddigi, wanda ya rubuta manhajar yana kiran write ya ga ta dawo lafiya sai ya buga rasit. Ba fsync, kiran da ke tilasta a saukar da bayanai kan faifai, ko ɗaya. Bayanan ma ba su kai faifai ba, suna memorin kanel suna jiran a kwashe.

Sadiq: To a direbana fa Anti?

Rukayya: A ATA bayan rubutu sai ka tura 0xE7, wato CACHE FLUSH, ka jira kammalawarsa shi ma. Linux tana da REQ_PREFLUSH da REQ_FUA, na farko ya ce zazzage duk abin da ke kash kafin wannan, na biyu ya ce wannan ɗin kar ka amsa sai ya zauna. Kuma ka lura da QEMU, in ka ba shi cache=unsafe watsi yake da umarnin zazzagewa, gwajinka ba zai nuna maka komai ba.

Sannan kuskure ma kammalawa ce, dole ya isa kunnen mai shi. A 2018 mutanen PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, suka gano cewa in rubutun bayan fage ya gaza a Linux, fsync ta farko ta kawo kuskure, in ka sake kira ta biyu sai ta ce lafiya lau, alhali bayanan ba su sauka ba, an dai share wa shafukan alamar datti. Su kuma shekara da shekaru suna sake gwadawa suna yarda da amsa ta biyu. Gyaran da suka yi shi ne in fsync ta gaza, rumbun ya faɗi da gangan ya farfaɗo daga kundin WAL, inda yake fara rubuta kowane canji.

Sadiq: Ni ko duba ERR ba na yi a mai karɓa 🙈

Malam Habu: A rajistar matsayi, bit na 0 ne ERR, alamar kuskure, na 5 DF, alamar faifan ya samu matsala. Ka duba su kafin ka taɓa 0x1F0, ka sa wa buƙatar filin sakamako, mai jira ya karanta in ya farka. QEMU na da blkdebug, da shi za ka sa faifai ya gaza a sektar da ka zaɓa, ka ga ko hanyar kuskurenka na tafiya.

Nazifi: Anti Rukayya, io_uring ɗin da kika ambata, me ya bambanta shi da epoll? Ni da Node, mai gudanar da JavaScript, nake aiki, komai a wurinmu ba jira.

Rukayya: Ba jira a idonka. A ƙasa libuv, ɗakin karatun da Node ke tsaye a kai, na da tafkin zare, huɗu in ba ka canja ba, su suke zama su jira fayil a madadinka. epoll labarin "a shirye yake" take bayarwa, wanda ya dace da soket. Fayil na faifai kuwa in ka ba ta shi EPERM za ta mayar maka. Faifai labarin "an gama" yake buƙata. Windows ta daɗe da wannan a IOCP tun zamanin NT. Linux ta yi io_submit da io_getevents, amma in ba da O_DIRECT ba sau da yawa shi kansa io_submit ɗin ke tsayawa. Sai a 5.1, cikin Mayun 2019, Jens Axboe ya kawo io_uring: zobe biyu da kanel da manhaja ke gani tare, ɗaya na turawa mai gurbi bayit 64, ɗaya na kammalawa mai gurbi bayit 16. Kana sa lambarka a user_data, ita za ta dawo maka tare da res, wato sakamakon, domin amsoshi ba sa bin jerin da ka tura su.

Fasalin kusan na NVMe ne kanta. Can ma umarni bayit 64 ne, amsa 16, kowane umarni da lambarsa. Abin da ke burge ni shi ne bit ɗin zagaye. Na'ura na rubuta amsoshi da 1 a zagayen farko na zoben, da 0 a na biyu, haka dai. Direba ya duba gurbi na gaba, in bit ɗin ya yi daidai da wanda yake tsammani sabuwa ce, in ba haka ba tsohuwar zagayen baya ce. Ya gama kwasa ya buga ƙararrawar ƙofa ya ce na kai nan. Intarof ɗaya na iya kawo amsa ashirin.

Kuma maganar kwanon Malam na nan ba ta canja ba. Ko ka tura IORING_OP_ASYNC_CANCEL, bafa ba naka ba ne sai amsar ainihin buƙatar ta fito a zobe.

Injiniya Baffa: Sai dai a faɗa wa Nazifi ɗaya gefen. A 2023 Google ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na hanyoyin fasa kanel da aka kawo mata a gasarta ta io_uring suka bi, har ta kashe shi a ChromeOS ta kuma hana manhajojin Android taɓa shi. Da yawansu irin abin da muke magana ne, an saki abu ana kan amfani da shi.

Rukayya: Gaskiya ne, ba na musu. Amma PostgreSQL 18 da ta fito a 2025 ta sa shi cikin zaɓin io_method. Sai dai worker suka bari a matsayin na asali, ka ga su ma da taka-tsantsan suka shiga.

Sadiq: Na kwashe duka. Daren jiya na fitar da bafa daga sitak, na sa filin sakamako, na sa duba ERR da DF, kisa kuma sai bayan farkawa. Na bar furoses uku suna karatu, na huɗu yana kashe su yana sake haifarwa. Ya kai 61,000 aka ɗauke wuta, batirin laftof ya ƙare ina barci.

Nazifi: Ka yi fsync dai ko? 😂

Sadiq: Kai dai bari. Malam, tambaya ta ƙarshe kafin in tafi caji. Da furoses uku, in ɗaya ya tura umarni faifai bai gama ba, na biyu ya zo, yanzu ina sa shi ya jira makulli ne har na farko ya farka ya saki. Daidai ne?

Malam Habu: Zai yi aiki, amma faifai na zaman banza daga lokacin da ya gama har mai rabon lokaci ya waiwayi na farko. Yi layin buƙatu. Kowa ya sa tasa a wutsiya ya kwanta, in layin babu kowa shi ya tayar da faifai. Mai karɓar intarof ya cire ta kai, ya tashi mai ita, ya tura ta gaba kafin ya fita. IDE ɗinka umarni ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka ta kan layi ita ce kullum wadda aka amsa. Ranar da ka koma AHCI, tsarin faifan SATA mai gurbi 32, wannan zato ya rushe, sai ka bi lambar gurbi. In ka rubuta, turo min fayil ɗin ta akwati in duba kafin Juma'a.

Sadiq: In sha Allahu gobe da daddare zan turo, Malam.